Ranar da Bakina Ya Ƙi Buɗuwa

Wata daga cikinku ta rubuto min a ƙarƙashin abin da na sa a shafin nan wancan karon, ta ce, "Baiwar Allah, ki buɗe baki ki ce wa mutumin nan eh mu huta mana." Na karanta na yi dariya, dariyar ta ja min zogi har cikin kunne. To 'yar'uwa, yau zan gaya miki yadda muka kwashe da buɗe bakin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni ce ƙarama. Na gama jami'a, ina aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji, wurin da ake biyan mutum don ya yi shiru ya kuma sa wasu su yi. A gida kuwa kyauta nake yi. Mama da Yaya, wato yayata da ke aure a bayan layinmu, su suka raba maganar gidan a tsakaninsu, ni da Baba ba mu sami kaso ba.

Ba mugunta ba ce, ina so ku gane wannan. Ni idan aka tambaye ni abu sai na juya tambayar tukuna, na duba bayanta, sannan amsar ta taho. Su kuma a wurinsu shirun da ya wuce ƙiftawar ido kamar tabon mai ne a gaban riga, maza ake yi a rufe. Tela ya ce wane irin wuya za a yi miki, Yaya ta ce mai zagaye. A gidan mutane a ce sukari nawa, Mama ta ce cokali biyu. Rabin durowata kaya ne ruwan hoda, ni kuwa ban taɓa son ruwan hoda ba. Sukarin ma ba na so.

Shi kuma mutumin, a wayata sunansa "Baƙon Yaya," don ita ta kawo shi. Abokin aikin mijinta ne a kamfanin ruwa, injiniya, dogo, mai sunkuyar da kai idan zai shiga ƙofa ko da ƙofar ta fi shi tsawo. Malama yake ce min, saboda aikina. Abin da ya kama ni a wurinsa ɗaya ne: idan ya yi tambaya, jira yake yi. Ya ɗora hannu a gwiwa, ya kalli kafet, ya jira. Zuwansa na farko na ɗauka mantawa ya yi ya tambaye ni. Da na gane ni ake jira, sai da na ji kamar an miƙo min kujera a ɗakin da na saba tsayuwa.

Saƙonninsa kuma Yaya ta sha ƙwace wayar ta amsa. "Kawo nan, ke ba ki iya hira ba, za ki kori bawan Allah." Rannan sai ga saƙonsa: "Na ga saƙon jiya mai furanni da zukata. Na gode, ki gaida min Yaya. Yanzu ina son in ji na Malama." Na karanta, na kifa wayar a kan gado, na rufe fuska da matashi.

Shi ya sa da maganar turo manyansa ta taso ya kafa sharaɗi. A ƙofar gida ya faɗa min, yana juya makullin mota a hannu.

"Mama ta ce kin amince. Yaya ta ce kin amince tun tuni. Ni ban ji ba. Ba na son amsar waya, ba na son ta aike. Ranar Asabar da la'asar zan zo. In eh ne, ki faɗa da bakinki. In a'a ne, ba sai kin wahalar da kanki ba, ki yi shiru kawai, zan gane, ba kuma zan ƙara takura miki ba."

Kun ga inda abin yake? A gidanmu shiruna eh ne. A wurinsa a'a ne. Ni kuwa eh ɗin nake so, tun kafin ya gama maganar.

Yanzu bari in kawo muku haƙorin.

Can ƙarshen baki ne, ƙasa, ɓangaren dama, wanda ake ce wa haƙorin hankali. Ya yi makonni yana min sallama. Da farko ɗan tsami ne a dasashi idan na tauna abu. Sai na mayar da tauna hagu. Daga nan naman da ya rufe rabinsa ya kumbura, na fara cizonsa idan na rufe baki. Na kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi, na danna kanumfari a wurin har harshena ya mutu, na sayi maganin kashe zafi a kemis ɗin da ke kusa da wurin aiki, ina sha a bayan kantar littattafai. Ya lafa da safe, ya dawo da yamma da 'yan'uwansa.

Za ku ce me ya hana ni faɗa a gida. Ciwo a gidanmu da zarar ka faɗe shi ya tashi daga naka. Mama za ta kira ƙawarta da ta taɓa yin irinsa, Yaya ta zo da wani garin magani da maƙwabciyarta ta rantse a kansa, a zaunar da ni a tsakiya ana shawara a kan bakina ta saman kaina. Ga tsoron kujerar likitan haƙori, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na ce bari Asabar ta wuce tukuna.

Ashe shi ma Asabar ɗin yake jira.

Na tashi da zazzaɓi, kuncina na dama ya yi suntum, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na tsaya gaban madubi zan goge baki, buroshi ya ƙi shiga. Muƙamuƙina ya ɗaure. Na gwada da yatsa, ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Haɗiyar yawu kuwa sai na yi shiri, na riƙe bakin gado, sannan. Na kalli yarinyar cikin madubi na ce mata, ta tsakanin haƙora, "Eh." Ta fito, amma siririya, kamar ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce ba komai, kalma ɗaya ce, zan iya.

Da hantsi Yaya ta faɗo ɗakina da leda a hannu da jakar kwalliya a hammata. Riga ce sabuwa. Kun san launinta.

"Hajiya Shiru, tashi ki gwada. Ke, me ya sami fuskarki? Kuka kika yi?"

"Haƙorina ne, Yaya."

"Haƙori? Yau? Duk ranakun duniya?" Ta kamo haɓata ta juya, na ga taurari. "Mama! Zo ki ga 'yarki, wai haƙori."

Mama ta shigo tana goge hannu da tsumma. Ta taɓa goshina da bayan hannu, amma hannun daga kan murhu yake, ya fi goshin zafi.

"Fargaba ce," in ji ta. "Ni ranar da babanku zai fara zuwa gidanmu cikina ne ya ɗaure, har aka ce a kai ni asibiti. Yana tafiya na miƙe garau. Ki sha magani, in baƙo ya tafi a duba."

"Kumburin fa?" in ji Yaya.

"Kwanciya ta yi a kan gefen."

Suka gama, suka yarda da juna. Na buɗe baki, iya inda yake buɗuwa, zan ce ya yi makonni, Yaya ta riga ta zuge jakar kwalliya. Ta shafa min hoda mai duhu a kuncin dama wai ya rage girma, ta yafa min mayafi ta jawo gefensa ta maƙale da fil ya rufe wajen. A falo ma ita ta tsara zama kamar mai ɗaukar hoto: ni a kujerar kusa da taga, gefen hagu yana kallon baƙo, na dama yana kallon labule.

"Kar ki juyo. Ta nan kin fi kyau. Kuma in ya tambaya ki amsa da wuri, kar ki tsaya wannan nazarin naki."

Ya zo bayan la'asar, da farar riga mai dogon hannu wadda guga ya bar wa layi a kafaɗa. Ya gaisa da Mama a tsugune, ta sa masa albarka ta shige ciki. Yaya ta ajiye tiren lemo da biskit, ta ce bari ta ba mu wuri. Wurin da ta ba mu bai wuce bayan labulen ɗakin cin abinci ba, ina hango yatsun ƙafarta da jan farce.

Ya tambayi aiki, na gyaɗa kai. Ya tambayi Baba, na gyaɗa kai. Sai ya ajiye kofin, ya ɗora hannu a gwiwa.

"Malama, na zo jin amsata."

Ya kalli kafet, ya jira.

Ba zan ɗora wa haƙori laifin duka ba. Kalmar tana nan a shirye. Amma yawu ya taru a bakina, dole sai na haɗiye kafin in yi magana, haɗiyar kuma ta zo da wani zogi da ya tashi daga muƙamuƙi ya soki kunne ya haye ƙwaƙwalwa. Na runtse ido, na damƙe hannun kujera. Ɗan lokaci kaɗan nake nema, ya wuce. Shi zai ba ni, na sani.

Labule ya motsa.

"Kunya ce, Injiniya!" in ji Yaya, da dariyarta mai cika ɗaki. "Ta amince. Tun safe take gaban madubi. Ke ce masa eh mana!"

Ban san ko za ku gane abin da ya same ni a lokacin ba. Eh ɗin da na yi ta tanadi, na ɓoye shi, na gwada shi gaban madubi, sai ga shi a bakin Yaya ya riga ni fita. In na faɗa yanzu, maimaitawa ce kawai, kamar ɗaliba ta bi bakin malama. Abin da ya ce ba ya so ke nan. Na nemi wata kalmar da za ta zama tawa ni kaɗai, ban samu ba, zogin kuma bai tafi ba. Sai hawaye suka zubo, masu zafi, suka bi ta kan hodar Yaya.

Bai kalli Yaya ba. Ni ya kalla, gefen da aka ba shi ya kalla, ya ga hawayen. Ya ƙara jira, Allah Ya sani ya jira. Sannan ya miƙe a hankali.

"Na gane," ya ce. Muryarsa ba fushi, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. "Ki yafe min in na sa an matsa miki. Yaya, a yi wa Mama sallama."

"A'a, Injiniya, tsaya mana, wallahi kunya ce!"

Ya kai ƙofa, ya sunkuyar da kai yadda ya saba, ya fara neman takalminsa da ƙafa.

Ni da ko gaban madubin kanti ba na son tsayawa in da mutane, na miƙe, falon ya yi juyi ɗaya ya tsaya, na fizge fil ɗin Yaya, na yaye mayafin daga kuncina. Na buga hannu a kan tebur har kofi ya yi ƙara. Ya waiwayo. Na juya masa gefen dama gaba ɗaya.

"Subhanallahi." Ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya. "Tun yaushe?"

"Yau ne da safe," in ji Yaya. "Kwanciya ta yi a kan..."

"Wannan ba na yau ba ne. Yaya, ɗauko mata takalmi, ki kira Mama."

Asabar da yamma neman likitan haƙori ba wasa ba ne. Wurin farko da muka je a rufe yake, mai gadi ya ce sai Litinin. Na biyu likitan ya tashi. Shi yana tuƙi, Yaya tana gaba tana kiran lambobin da yake faɗa mata, ni da Mama a baya, kaina a kafaɗarta, kowane rami a titi sai na ji shi a haƙori. Mama ta daina cewa fargaba ce. Addu'a take yi ƙasa-ƙasa tana tofa min, tana kuma faɗa, duk a numfashi ɗaya.

A wata danja ya kalle ni ta madubi.

"Malama, waccan maganar ki ajiye ta, kar ta dame ki. Ko maƙwabciya ce na gani a haka zan kawo ta."

Maƙwabciya. Wato har yanzu a'a ya ji. Na rufe ido.

Wuri na uku yana saman wani kantin sayar da tabarau, ana hawa da matattakala mai ƙunci. Ɗakin jira ƙarami, kujerun roba shuɗaye, talabijin a bango ba murya, da warin nan na asibitin haƙori mai kama da kanumfari da sabulu. Wani dattijo yana zaune da auduga a baki yana kallon silin kamar wanda aka yi wa rashin adalci. Nas ɗin ta kalli fuskata sau ɗaya ta tsallake da ni layi. Shi ya tsaya a waje. Mama da Yaya suka biyo ni ciki ba wanda ya gayyace su.

Likitar mace ce, gajera, da furfura kaɗan a gaban hularta, da idon wadda ta gaji amma ba ta gaji da mutane ba. Ta kwantar da kujerar, ta jawo fitila, ta taɓa ƙarƙashin muƙamuƙina da yatsu biyu masu sanyi.

"Sannu. Tun yaushe ya fara?"

"Yau da safe," in ji Mama.

"Zazzaɓi fa?"

"Babu," in ji Yaya. "Fargaba ce ta haɗu da shi, baƙo ta yi."

"Ta sha wani abu?"

"Ba ta sha komai ba, ita ba ta son magani."

Likitar tana rubutu ba ta ɗago ba. Ni ina kwance, fitila a idona, ina jin ana ba da labarin wata yarinya da ban sani ba.

"Wurin ya yi mugunya, dole in ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwai maganin da jikinta ba ya karɓa?"

"Babu," in ji Mama, har da dafa ƙirji. "Ni na haife ta. Ba abin da ba ta sha."

Alƙalamin ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa na koma shekarata ta biyu a jami'a, ɗakin kwanan ɗalibai, ciwon maƙogwaro, wani kafso da aka ba ni. Ban daɗe da sha ba jikina ya fashe da borin jini, leɓɓana suka kumbura, numfashi ya koma kamar ta cikin tsinken shan lemo. 'Yan ɗakinmu ne suka ɗauke ni zuwa asibitin makaranta. Likitan can ya faɗa min sunan maganin, ya sa na maimaita, ya ce duk inda na je in faɗa kafin a rubuta min komai. A gida ban faɗa ba, don na san a ranar Mama za ta zo da mota ta kwashe kayana, karatu ya koma daga gida.

Wannan karon ba wuyan riga ba ne, ba sukari ba ne. Na haɗiye yawun, zogin ya zo, na bar shi ya zo.

"Akwai."

Alƙalami ya tsaya.

"Ke kuma me kika sani," Mama ta fara.

"Akwai," na sake cewa, ta tsakanin haƙora, na faɗi sunan maganin. "Ya taɓa toshe min numfashi. A makaranta."

Likitar ta cire tabarau. Ta kalli Mama, ta kalli Yaya.

"Hajiya, a cikinku wa ke da haƙorin?"

Ban taɓa ganin tambaya ta faɗi a gaban mutanen nan biyu ta zauna a ƙasa ba sai ranar.

"To mai haƙorin ta zauna, sauran a jira mu a waje. Akwai kujeru, akwai talabijin."

Da ƙofa ta rufu ta yage takardar da ta fara rubutawa, ta jawo kujerarta kusa.

"Maganin da kika faɗa ɗin nan, shi na rubuta miki," ta ce. "Yanzu fara daga farko. Ba sauri nake ba."

Na gaya mata. Makonnin, zazzaɓin, kanumfarin, yawan maganin da nake sha a bayan kanta, wanda ya sa ta ɗaga gira ta ce in daina haɗa su haka. Kowace jimla sai na huta, ita kuma ta jira. Aka ɗauki hoto da wata na'ura mai zagaya kai. Ta nuna min a allo: ga sauran haƙora a tsaye a layi, ga nawa can ƙarshe a kwance, ya tokare na gabansa da kai.

"Bai sami wurin fitowa ba, sai ya kwanta. Abinci yana shiga ƙarƙashin naman da ya rufe shi, ba ya fita. Yau ba zan cire ba, bakin ma ba zai ba ni hanya ba. Zan wanke, in ba ki wani maganin daban, in kumburi ya sauka ki dawo mu rabu da shi. Amma ki ji ni da kyau: in haɗiya ta gagara, ko numfashi ya fara miki wuya, ko kumburin ya gangara wuya, ba jiran safiya, babban asibiti kai tsaye. Kuma ki faɗa da ƙarfi, ba da ido ba."

Ta shafa wani abu da ya ɗan kashe wurin, ta zura sirinji mai lanƙwasasshen baki ta wanke. Ba zan yi muku ƙarya ba, na damƙe hannun nas ɗin har ta ce, "'Yar'uwa, da shi nake cin abinci." Wani abu mai ɗaci da wari ya fito, na tofar, na sake tofarwa. Sai na ji nauyin da na yi makonni ina ɗauke da shi ya ɗan sassauta, kamar an kwance ɗaurin da ya matse.

Na fito da auduga a kunci, leɓena na ƙasa ya mutu rabi, hodar Yaya ta yi layi-layi. Mama tana zaune a kujerar roba, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Yaya ce ta taso.

"Injiniya ya karɓi takardar maganin ya sauka kemis. Bari in je in gaya masa cewa..."

Na riƙe hannunta.

"Zauna, Yaya."

"Iye?"

"Zauna."

Ta zauna, ina jin mamaki ne ya zaunar da ita. Na sauka matattakalar ni kaɗai, ina bin bango.

Yana jingine da mota, ledar magani a hannu, yana karanta takardar cikin kwalin. Rana ta yi ƙasa, masu shaguna sun fara jan ƙofofi. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe tsaye.

"Sannu, Malama. Na tambayi mai kemis, ya tabbatar ba dangin wancan da ya toshe miki numfashi ba ne. Nas ta faɗa min. Shiga ki zauna."

Ban shiga ba. Na tsaya a gabansa da rigar ruwan hoda da kumburarren kunci, na sa hankici na goge yawun da ban ji zubarsa ba.

"Tambayarka."

"A'a, ba yau ba. Kina cikin ciwo. Kuma ba na son amsar da za a ba ni don na kawo mutum asibiti."

"Ba godiya ba ce." Na huta. Ya jira. "Tun safe na shirya ta. Yaya ta riga ni." Na sake hutawa. Wani mai babur ya wuce yana kallonmu. "Sake tambaya."

Ya daɗe yana kallona, gefen dama da na hagu duka. Ya ajiye ledar a kan mota.

"Malama, in turo?"

"Eh." Ta fito a karkace, ta gefen audugar, amma ba wanda ya riga ni. Sai na ji ban ƙoshi ba, na ƙara, "Ina so. Ni."

Ya sunkuyar da kai kamar zai shiga ƙofa, alhali a fili muke. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, yana dariya.

"Alhamdulillahi. To shiga mota kafin ki faɗi, in rasa wanda zai maimaita wa Mama."

A hanyar dawowa Yaya ta yi ta waiwayowa tana min alama da gira, na kalli taga. Mama ba ta ce uffan ba har gida. Wannan shirun nata ya fi zogin damuna, don ban san shi ba.

Bayan magariba ina kwance, na sha maganin, wayata ta yi haske. "Baƙon Yaya: Ki kuskure da ruwan gishirin. Ba sai kin amsa ba, na ji wadda nake nema." Ina cikin tunanin sunan da zan canja masa aka turo ƙofa. Mama ce, da kofin ruwan ɗumi. Yaya a bayanta, ba ta tafi gida ba.

Mama ta ajiye kofin, ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana gyara gefen zanen gadon da ba abin da ya same shi.

"Numfashinki ya toshe a makaranta," ta ce, "ina nan ina gaya wa mutane 'yata ko ciwon kai ba ta yi. Yau kuma da bakina na ce a ba ki abin." Ta ɗago ta kalle ni. "Shi yaron nan, kina sonsa?"

"Ai Mama ta riga ta..." Yaya ta fara.

Mama ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwaya ba. Yaya ta haɗiye sauran.

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin firij daga kicin. Na ga yadda shirun yake cin Mama, yatsunta suna motsi a cinya, leɓenta yana rawa da amsar da ta riga ta tanada. Amma ta riƙe.

"Ina sonsa, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi.

"Sai me kuma ban sani ba?"

Na kalli rigar ruwan hoda da ke rataye a jikin ƙofar durowa. Na kalli Yaya. Mama ta bi idona da kallo, ta cire takalmi, ta naɗe ƙafafu a kan gadona kamar wadda ba ta da niyyar tashi.

"Yaya, rufe ƙofar," ta ce. "Ke kuma bi a hankali, kar ki fama ciwon. Ina ji."